Alhaji Abubakar Imam: Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da Littattafansa na Tarihi

 

Idan an ambaci sunan Abubakar Imam a nan Zongon Kumasi, wanda ya san shi to da Magana Jari Ce ya san shi: aku mai ba da labari, da mugun waziri, da ɗan sarki. Wasu dattawanmu sun ji ana karanta labaran a rediyo, wasu kuma wani ɗan'uwa ne ya taho musu da littafin daga Kano ko Zariya. Wannan shahara ta rufe sauran aikin mutumin. Shekara goma sha biyu ya yi yana editan jarida, ya zauna a majalisa, ya rubuta tarihin Manzon Allah (SAW) da na Sayyidina Abubakar da Hausar boko a lokacin da irin wannan rubutu bai yawaita ba. Wannan ɓangaren ne muke son ɗalibai su sani, domin ya fi kusa da buƙatarmu.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja ta Nijeriya a yau. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, asalin kakanninsa daga ƙasar Barno. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne, don haka karatun allo da littattafan farko na addini su ya fara sani kafin boko. Yayansa, Malam Bello Kagara, shi ne marubucin littafin Ganɗoki. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, makarantar da Turawa suka kafa don horar da malamai, wadda ta yaye yawancin shugabannin Arewacin Nijeriya na farko. Ya gama a 1932, ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Gasar 1933 da abin da ya biyo bayanta

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, shugaban ofishin fassara da talifi a Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Abin baƙo ne ga malamai. A wurinsu alƙalami na ilimi ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce da dare. Duk da haka an samu waɗanda suka amsa, aka zaɓi littattafai biyar aka fara buga su daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam yana ɗan shekara 22 lokacin da ya shiga gasar, kuma ita ce nasararsa ta farko.

Ruwan Bagaja labarin Alhaji Imam ne, wanda ya fita neman wani ruwa da zai warkar da ɗan sarki, yana ta haɗuwa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe gari bayan gari, kowa yana yi wa ɗan'uwansa dabara. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami aka biya masa Maƙamatul Hariri zai gane ginin nan take: mutum biyu masu yawo, ɗaya mai wayo da sauya kama, suna rabuwa suna sake haɗuwa. Masu nazarin adabi sun daɗe da nuna wannan dangantaka. Ma'ana, littafin da ake ɗauka ɗan boko ne, da nonon zaure aka shayar da shi.

East ya ga gwanintarsa, ya nemi a ba shi aron sa daga Katsina. A 1936 Imam ya zauna a Zariya wata shida, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya karanta, ya sake ƙera su cikin Hausa, ya sa musu sarakuna da fadawa da kasuwanni irin na ƙasar Hausa. Sakamakon shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku. A na farko aku yana ɗauke hankalin Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon waziri. A na biyu yana gasa da wani aku. A na uku, bayan an naɗa shi waziri, yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Ba za mu daɗe a nan ba, an yi rubutu mai yawa a kai. Abin da za a riƙe shi ne, a nan ya koyi abin da ya yi masa amfani a jarida: ɗauko magana daga wani harshe a zuba ta cikin Hausa har mai karatu ya manta baƙuwa ce.

Shekarun jarida

Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairu 1939 daga Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, kuma Abubakar Imam ne editanta na Hausa tun daga fitowar farko. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma tana da dalilinta. A lokacin jita-jita ta cika gari cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus wasu ƙasashen da take mulka don ta lallashi Hitila, ga kuma jaridun Legas da suka fara shigowa Arewa da zafafan maganganu. Hukuma tana son bakin da zai yi magana da jama'a da harshensu. Watanni kaɗan bayan haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, jaridar ta zama hanyar da mutanen Arewa suke jin labarin fagen daga, har da sojojin da aka kai Habasha da Bama.

Wannan ita ce wahalar kujerar da ya hau. Mai biyan albashi Bature ne, sarakuna suna sa ido, samari 'yan boko suna son a faɗi abin da ke ransu, malaman zaure kuwa suna kallon duk abin da aka rubuta da baƙaƙen Nasara da shakka. Shakkar nan tana da tushe. Hausa ta daɗe ana rubuta ta da ajami kafin zuwan Turawa, kuma da hukuma ta zaɓi boko a makarantu da ofisoshi, sai aka wayi gari malamin da ya haddace Alƙur'ani ya karanta Risala da Muhtasar ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Mu a Ghana mun san wannan ciwo, don har yau bai warke ba.

Abin da Imam ya yi shi ne ya buɗe shafin wasiƙu ya bar mutane su yi magana. Malamin makaranta, akawun En'e, ɗan kasuwa, soja, kowa ya rubuto kokensa ko tambayarsa, edita ya amsa. Sharhinsa kuma da karin magana da misali yake tafiya, ta yadda zai taɓo zaluncin ma'aikatan hukumar gargajiya ko sakacin iyaye da karatun 'ya'yansu ba tare da ya kama suna ba. Wasu sun ce wannan tsoro ne. A ganinmu, duk wanda ya taɓa hawa mumbari a garin da mai laifin yake sahun gaba ya san cewa wannan hanya tana da wuya fiye da zagi, kuma ta fi daɗewa tana aiki. Haka nan ya sha fama da kalmomi, domin abubuwan da yaƙi da siyasa suka kawo ba su da suna a Hausa, dole edita ya ƙirƙira ko ya aro ya gyara. Hausar da gidajen rediyo suke karanta labarai da ita a yau ta gaji abubuwa da yawa daga wannan ɗaki na Zariya. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, aikin ɗab'i ya faɗaɗa, ya ci gaba da riƙe jaridar har 1951.

Tafiyar 1943

A tsakiyar yaƙi, cikin 1943, aka gayyaci editocin jaridu daga ƙasashen Afirka ta Yamma huɗu da Ingila take mulka, wato Nijeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, su ziyarci Ingila. Imam yana cikinsu, haka ma Nnamdi Azikiwe, wanda kafin nan ya yi aikin jarida a Accra. Azikiwe ya shirya takarda da za a miƙa wa Sakataren Ƙasashen Mallaka, tana neman a ɗora ƙasashen kan hanyar mulkin kai a mataki biyu, shekara goma sannan shekara biyar. Imam ya ƙi sa hannu.

An zarge shi a kan wannan, jaridun Kudu suka ɗauke shi ɗan amshin shatan Turawa. Hujjarsa ita ce, babu wanda ya aiko shi da wannan magana daga Arewa, kuma yankin da ba shi da isassun 'yan makaranta, idan Bature ya tafi yau, wani ne zai hau kujerar ba ɗan yankin ba. Ana iya saɓa masa, mu ma muna ganin cewa jinkirin da ake nema don a shirya, sau da yawa mai mulki ne yake cin ribarsa. Amma mutumin Zongo ba zai ce bai fahimci tsoron ba. Irinsa ne ya haifar da jam'iyyar mutanen Arewacin Gwalkwas a 1954, kuma irinsa ne ya sa Musulmin Kumasi da Accra suka yi tasu jam'iyyar a waɗannan shekaru.

Abin da masu zarginsa ba su cika ambata ba shi ne abin da ya yi a wannan tafiya ɗin. Ya gana da Lugga, Baturen da ya ci ƙasar Hausa da yaƙi ya kafa mulki ta hannun sarakuna, wanda a lokacin ya tsufa ya yi ritaya. Daga baya ya rubuta masa dogayen wasiƙu yana zayyana illolin tsarin da shi Luggan ya gina: talaka ba shi da inda zai kai kuka, ɗan makaranta ba a jin shawararsa, Bature kuma ba ya jin komai sai ta bakin fada. Labarin tafiyar ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya kamata a karanta shi a matsayin shaidar gani da ido: yadda ɗan malamai daga Kagara ya ga Ingila cikin yaƙi, abin da ya burge shi da abin da bai burge shi ba.

Majalisa, Hajji, da aikin gwamnati

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu kafin ta zama jam'iyyar siyasa. Ya zauna a majalisar Arewa da ta wakilai a Legas. A nan ne a 1953 ya kawo batun da ya shafi kowane Musulmin Afirka ta Yamma: halin da alhazai suke shiga a ƙasa mai tsarki ba tare da wani ofishi da zai tsaya musu ba. Ya nemi a buɗe wa Nijeriya ofishi a Jidda, ya yi aikin Hajji a wannan shekara, ya dawo da rahoto. Masu rubuta tarihin hukumomin alhazai na Nijeriya daga nan suke fara lissafi. Littafinsa Hajji Mabuɗin Ilmi daga wannan fage ya fito. Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba, ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, har ya shugabance ta.

Ingila ta ba shi lambar girma ta OBE, Jami'ar Ibadan kuma ta ba shi digirin girmamawa, shi ya sa ake rubuta Dokta a gaban sunansa. Lambar da mai mulkin mallaka ya rataya wa mutum ba hujja ba ce a kansa, ba kuma hujja ba ce gare shi. Aikin ake dubawa.

Littattafan tarihi

Cikin abin da ya rubuta na tarihi akwai Tarihin Annabi Kammalalle, da Sayyidina Abubakar, da Hausa Bakwai. Ya kuma yi aiki tare da East a kan Ikon Allah, jerin littattafai da ke bayanin halittu da ilimin kimiyya ga yara, waɗanda sunansu kaɗai ya nuna ta ƙofar da aka so a shigo da ilimin.

Domin a gane darajar Tarihin Annabi Kammalalle, sai a tuna yadda ake samun sira a da. Mai neman ilimi yana jin ta a bakin malami, ana fassara masa Ashafa ta Alƙali Iyal ko Ishiriniya kalma bayan kalma, ko ya ji ta a wa'azin Mauludi. Wanda ya yi zurfi ya kai ga Ibn Hisham. Amma ga wani sabon jinsi ya taso: yaron da aka kai makarantar boko, ya iya karanta Hausa da Turanci, Larabcinsa bai wuce na salla ba. Wannan yaro zai iya karanta tarihin sarakunan Ingila da kansa, amma tarihin Annabinsa sai ya sami mai karanta masa. Imam ya rubuta masa sira da harshen da yake karantawa, da salon mai ba da labari wanda ya san yadda ake riƙe mai sauraro. Zaɓen Sayyidina Abubakar ma ba banza ba ne a ganinmu. A shekarun da 'yan Arewa suke shirin karɓar mulki, an ajiye musu tarihin mutumin da ya karɓi jagoranci a mafi wuyar lokaci, ya riƙe shi shekara biyu da 'yan watanni, ya bar duniya bai tara komai ba.

Sai dai ɗalibi ya san irin littafin da ke hannunsa. Waɗannan littattafai na mai karatu gama-gari ne, ba na tantance ruwaya ba. Malaman hadisi sun daɗe da bayyana cewa labaran sira da yaƙoƙi sun haɗa ingantacce da mai rauni, kuma ko Ibn Ishaƙ ba a karɓi duk abin da ya kawo ba. Don haka wanda zai yi huɗuba ko ya kafa hukunci da wani labari, ya koma ga Buhari da Muslim da sharhinsu, ko aƙalla ga littafi irin Ar-Rahiƙul Makhtum na Safiyur Rahman Mubarakfuri. Wanda kuma yake son ya koyi yadda ake faɗa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu labarin Hijira har ya zauna bai motsa ba, to ya karanta Imam. Makarantun Islamiyyarmu suna da Khulasatu Nuril Yaƙin, yara suna haddace ta, amma sau da yawa idan ka ce yaro ya ba ka labarin da bakinsa sai ya tsaya.

Haka abin yake ga Hausa Bakwai. Labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu da sarauniyar Daura, da 'ya'yan da suka kafa Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, gado ne da ya kamata kowane Bahaushe ya sani. Amma masana tarihi na baya, irin su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, sun nuna cewa ba za a ɗauke shi a matsayin bayanin yadda garuruwan Hausa suka kafu ba, domin garuruwan sun girme wa labarin. A karanta shi a san abin da kakanni suke faɗa game da kansu, wannan ma ilimi ne.

Abin da ya shafe mu a Zongo

A shekarar da aka buga Ruwan Bagaja, 1934, a ita ce Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya rasu. Haifaffen Kano ne, ya zo Salaga ta hanyar fataucin goro, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya sa ya koma Krachi. Ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da ajami, ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci a kan zuwan Nasara, kuma almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan. Kafin wannan, a 1913, an buga tarin labarai da al'adun Hausa da wani Malam Shaihu ya rubuta wa Bature Rattray a nan Gwalkwas. Wato a farkon ƙarnin da ya wuce, ƙasar nan tana cikin wuraren da ake rubuta tarihi da Hausa.

Daga nan hanyoyin suka rabu. A Nijeriya an samu ofishin talifi, da jarida, da kamfanin ɗab'i, da mutum irin Imam da ya ɗauki ilimin zaure ya shigar da shi cikin boko. A nan ba a samu ba. Hausa ita ce harshen kasuwa da masallaci daga Aboabo zuwa Asawase, ana watsa shirye-shirye da ita a gidan rediyon ƙasa, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati take koyarwa a makarantu. Yaronmu yana jin Hausa, yana karanta Turanci da Twi, yana haddace Larabci, ba ya rubuta ko ɗaya daga tarihinsa.

Abin da ya kamata a rubuta kuwa yana da yawa. Musulmi suna fadar Asantehene tun kafin Bature Bowdich ya iso Kumasi a 1817 ya same su a can. Zongo ya bunƙasa bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar. A 1969 dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia ta ba mutane mako biyu, gidaje suka watse, wasu da littattafan kakanninsu suka tafi. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan waɗannan da Turanci yake: binciken Ivor Wilks a kan Asante da Musulminta, littafin Enid Schildkrout na 1978 a kan mutanen Zongon Kumasi, da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da aka tattara a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon a shekarun 1960. Muna gode musu. Amma waɗanda suka ga 1969 da idonsu suna nan a masallatanmu, kullum suna raguwa, kuma ɗalibin da ya iya rubuta Hausa zai iya zama gabansu da littafi da biro kamar yadda editan Gaskiya ya saurari masu rubuto masa wasiƙa. Sharaɗin shi ne wanda Suratul Hujurat ta gindaya a aya ta 6, a binciki labari kafin a ɗauka, a kuma rubuta wanda ya faɗa da inda ya ji.

Rasuwarsa da inda za a sami aikinsa

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Tarihin rayuwarsa, wanda ya ƙunshi abin da ya rubuta da kansa da wasiƙunsa, ya fito da Turanci a 1989, Abdurrahman Mora ne ya tsara shi, kamfanin NNPC na Zariya ya buga. Farfesa Ibrahim Malumfashi kuma ya yi littafi da Hausa mai suna Adabin Abubakar Imam, inda ya bi diddigin tushen labaransa. Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba su da wuyar samu wurin masu sayar da littattafai a Kano da Zariya da Kaduna. Na tarihin da na tafiye-tafiyen su ne sai an sa a nemo, don haka duk mai zuwa Nijeriya daga cikin jama'armu, ya rubuta sunayensu a takarda ya tafi da ita, ya tambaya a shagunan tsofaffin littattafai.